Ɗaga Muryar Gurmi da Garaya da Goge a Lasifika

Kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya, irin su gurmi da garaya da molo da kuntigi da goge da kukuma, muryarsu ta zaure ce da ƙofar gida, inda mai sauraro ke zaune dab da makaɗi har yana jin motsin yatsunsa. Kalangu da ganga kuwa sukan kai amo bayan gari ba da taimakon kowa ba. Shi ya sa mawaƙi irin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Bakori kafin ya mayar da Funtuwa gida shekaru masu yawa, in ya tsaya a fili, muryarsa ce ta fi bukatar makirufo, don kalangan da ke bayansa sun ishi kansu. Mai gurmi ba shi da wannan gata. Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kai masara da dawa da waken suya kasuwar Dandume, aka auna auduga, kuɗi suka shigo hannun manoma, sai bukukuwa su taso daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Faskari. A irin wannan taro mutane ɗaruruwa ne, ga rurin janareta, ga babura, ga guɗa. Tsirkiya biyu a kan ƙoƙo ba za su iya da wannan hayaniya ba sai an ɗaga musu murya.

Kafin maganar waya da lasifika, sai an san inda amon ke fitowa. Tsirkiya siririya ce, in ta kaɗa, iskar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Girgizarta takan bi ta kan jaki, ɗan itacen nan da ke tallafe da ita, ta sauka a kan fatar da aka rufe ƙoƙo da ita. Fatar ce ke tura iska gaba da baya, iskar cikin ƙoƙon ta amsa, ta fito ta ƙofar da aka huda. Ƙoƙon gurmi na duma ne, na garaya itace ne da aka fafe, goge kuma ana rufe ƙwaryarsa da fatar guza. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka lulluɓe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Jitar gargajiya ta Sifaniya ma ginin ke nan, sai dai allon katako mara kauri ne a madadin fata. Saboda haka zaƙin da kunne ke ji aikin abu uku ne: tsirkiya, fata, da iskar da ke tsakanin makaɗi da mai sauraro. Duk na'urar da za a kawo, ɗaya ta fi kamawa daga cikin ukun nan, kuma daga nan bambancin sautinsu ya samo asali.

A da, da jijiyar dabba ko izgar doki ake yin tsirkiya. Yau yawancin masu gurmi da garaya zaren nailan na kamun kifi suke ɗaurawa, don ya fi arha, ya fi ƙarko, kuma ana samunsa a kowace kasuwa. Masu goge da kukuma ne suka fi riƙe izga. Shi nailan an ƙirƙiro shi a 1935 a kamfanin DuPont na Amurka, a ƙarƙashin masanin sinadarai Wallace Carothers. Jitar Sifaniya ma da hanjin dabba ake yi mata tsirkiya, sai yaƙin duniya na biyu ya sa ta yi wuyar samu. Wani mai ƙera kayan kiɗa a birnin New York, Albert Augustine, ya haɗa kai da shahararren makaɗi Andrés Segovia, suka fito da tsirkiyar nailan wadda ta shiga kasuwa wajen 1948. Tun daga nan mai jitar nailan da mai gurmi suka zama matsalarsu ɗaya in an zo ga lasifika.

Matsalar ita ce maganaɗisu bai san nailan ba. Jitar lantarki da ake gani hannun 'yan kiɗan zamani tana da maɗaukin sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyinta: maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta kaɗa a kansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, George Beauchamp kuma ya ɗora ta a kan jita a Amurka a 1931. A Kinshasa, Mawangu Mingiedi, wanda ya kafa ƙungiyar Konono No. 1 a shekarun 1960, da maganaɗisun tsofaffin kayan mota ya haɗa wa likembe ɗinsa maɗauki. Likembe ɗan'uwan agidigo ne, harsunansa na ƙarfe ne, shi ya sa dabarar ta ci. Nailan da izga da jijiya kuwa ko sun kwana suna kaɗawa a kan maganaɗisu, ba abin da zai fito. Gwajin mai sauƙi ne: a ɓalle maganaɗisun tsohuwar lasifika a kusanta shi da tsirkiya. In ya ja ta, wannan maɗauki zai yi aiki. In bai ja ba, kada a ɓata kuɗi. Hanya biyu suka rage, makirufo da ke sauraron iska, da maɗaukin fiyezo da ke jin girgizar jikin abin kiɗa.



Makirufo shi ya fi kusa da kunnen mutum, kuma iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne wanda ake gani hannun masu wa'azi da sanƙira da masu sanarwa a wurin biki. A cikinsa akwai ɗan faifai mara kauri da ke manne da naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu. Ba ya bukatar batir, yana jure ƙura da faɗuwa, kuma bai cika kwaso ƙarar nesa ba. Kamfanin Shure ya fito da SM57 a 1965, da SM58 a 1966, har yau kuma su ne ma'aunin irin wannan makirufo a duniya, abin da ya sa jabunsu ya cika kasuwanni. Na biyu shi ne kwandensa, wanda ake ratayewa a ɗakin ɗaukar sauti. Ya fi jin ƙananan abubuwa, yana kama gogar izga da taɓin farce, amma sai miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ta ba shi wuta, yawanci bolt 48, kuma ƙura da raɓa suna sa shi ƙaraf-ƙaraf. Akwai ƙaraminsa da Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a 1962, wanda ya daɗe a cikin rediyo mai kaset da wayoyin hannu, da 'yan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. A filin biki na farkon ne abin dogaro. Kwandensa a bar shi ga ɗaki.

Inda aka ajiye makirufo ya fi tsadarsa muhimmanci. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Makirufon da ke santimita 10 daga fata, in ya koma 20 ya yi asarar desibel 6, in ya koma 40 ya yi asarar 12. Hayaniyar taro kuwa tana nan yadda take. Don haka gurmi da garaya ana so makirufo ya tsaya kamar rabin taƙi zuwa taƙi ɗaya daga fata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa shi a bakin ƙofar ƙoƙo, da zaton nan ne amo ya fi yawa. Gaskiya ne nan ya fi yawa, amma amo ne guda ɗaya mai kauri, wanda iskar ƙoƙon ta fi so, sai ya danne sauran, kiɗan ya koma gum-gum. Gara a auna fatar tsakanin jaki da gefen ƙoƙo, a ɗan karkace. Masu jitar nailan ma sukan kauce wa ƙofar, su auna wajen da wuyan jita ya haɗu da jikinta. Wanda ke son samun wuri mafi daɗi sai ya toshe kunne ɗaya, ya sunkuya yana zagaya abin kiɗan da ɗaya kunnen yayin da makaɗi ke kaɗawa. Inda kunnen ya ji amo ya cika, nan ne mazaunin makirufo.

Akwai wata ɗabi'a ta makirufon da ke sauraron gaba kawai: in ya matso sosai, yakan ƙara wa sauti kauri. Ga kuntigi, wanda muryarsa siririya ce, wannan riba ce. Ga babbar garaya kuwa yakan yi yawa, sai a ja baya kaɗan ko a rage kaurin a miksa. Goge da kukuma nasu daban ne. Hannun da ke goga yana bukatar wurin kai-komo, kuma in makirufo ya matsa wa izga, kaushin ƙaron da ake shafa mata ne zai fito gaba da waƙar. Sautin da aka san su Garba Liyo da Audu Yaron Goge da shi, ko kukumar Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam, yana da wannan kaushi, amma daidai gwargwado. Taƙi ɗaya ko fiye, daga gefen fata, shi ya fi fito da shi.

Makaɗin Hausa ba ya zama wuri ɗaya. Yakan taso ya nufi wanda yake wasawa, ya durƙusa, ya juya wajen mata, ya komo. Sandar makirufo ba ta bin sa. Abin da aka saba gani shi ne yaronsa yana biye da shi a sunkuye, ya miƙa makirufo wajen ƙoƙo, wayar tana jan ƙasa tsakanin ƙafafun masu liƙi. Yaron in hannunsa ya gaji sai ya dunƙule kan makirufon cikin tafinsa, nan take lasifika ta fasa kuka. Dalilin shi ne, a bayan kan makirufon akwai 'yan ƙofofi, kuma su ne ke sa shi ƙin sautin da ke zuwa daga baya. An toshe su, ya koma jin kowane ɓangare, har da lasifikar. A riƙe shi a gindi, a bar kan a sake. Wanda ya samu hali ya nemi ƙaramin makirufo mai lanƙwasasshen wuya, a ɗaure shi a gorar abin kiɗa yana kallon fata, duk inda makaɗi ya juya tazarar ba ta canjawa.

Kukan lasifika shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Masana suna danganta bayaninsa ga Søren Larsen, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak. Sauti ya fito daga lasifika, ya koma cikin makirufo, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, ya sake komawa, cikin ƙiftawar ido ya zama ƙara mai huda kunne. Kayan kiɗa masu fata sun fi saurin jawo shi, domin ita fatar an yi ta ne don ta girgiza, kuma ba ta bambance girgizar tsirkiya da ta lasifika. Maganin yana farawa tun wajen jera kaya. Lasifika ta kasance gaban makaɗa, tana fuskantar jama'a, makirufo yana bayanta. In makaɗi zai shiga cikin taro, kada ya bi ta bakinta. In kiɗa bai fito ba, a fara matso da makirufo kafin a taɓa maɓallin ƙara murya. Duk makirufon da ba a amfani da shi a kashe, domin duk lokacin da yawan waɗanda ke buɗe ya ninka, ana asarar kusan desibel 3 daga ƙarfin da za a iya kaiwa kafin kuka ya tashi. In da miksa mai maɓallan tace sauti, a nemo wanda ya dace da muryar kukan a rage shi kaɗan, a bar sauran. Wuri ma yana da nasa hannu. Tsakar gida mai katangar siminti da rumfar kwano, ko ɗakin taro mai tayil, suna mayar da sauti, kuka ya zo da wuri. Buɗaɗɗen fili ya fi sauƙi. Jikin jama'a kuma yana shan sauti, shi ya sa ɗakin da ya yi ta kuka lokacin gwaji yakan lafa in ya cika.



Hanya ta biyu ita ce fiyezo. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in an matsa su sukan fitar da wutar lantarki. Abin da ke ba da tartsatsi a laitar gas ke nan, kuma shi ne ɗan faifan tagullan nan mai farin tsakiya da ke yin ƙara a agogon hannu. In aka manna irin wannan faifai a jikin abin kiɗa, girgizar jikin ta riƙa matsa shi tana saki, sai ya mayar da ita wuta. Ba ruwansa da ko tsirkiya ƙarfe ce ko nailan ko izga. Daga shekarun 1960 kamfanoni irin su Barcus-Berry suka fara sayar da shi ga masu goge da jita na Turai, yau kuma yawancin jitar nailan da ake jonawa da amfilifaya tana ɗauke da siririnsa a ƙarƙashin jaki. Mai gyaran rediyo a Funtuwa ko Malumfashi zai iya haɗa shi da faifai ɗaya da guntuwar waya da dalma.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya jin kalangu ko guɗa ko janareta sai kaɗan, ana iya kai shi da ƙarfi kafin kuka ya tashi, makaɗi kuma ya yi yawonsa. Amma yana da farashi. Fiyezo ba ya jin iska kai tsaye, don haka kashi ɗaya cikin abu ukun nan da ke haɗa zaƙin sauti ya tafi. Abin da ke fitowa yakan yi tauri, bugun farko ya yi tsini, wutsiyar amon ta gajarce. Yana kuma kwaso abin da kunne ba ya ji daga nesa: gogar riga a bayan ƙoƙo, taɓin zobe, jan waya. Cebar da ke kan gorar garaya, wadda kaɗawarta ke cika kiɗan, ko dai ta ɓace ko ta yi yawa, gwargwadon inda aka manna shi.

Wurin mannawa sai an gwada, don babu ƙoƙo biyu masu hali ɗaya. A ƙarƙashin ƙafar jaki sauti ya fi ƙarfi, ya kuma fi tsini. A kan fata kusa da gefe ya fi taushi. A tsakiyar fata kuwa nauyin faifan yakan danne ta, ya kashe amon tun kafin a kai ga lasifika, musamman a kan fatar guza da ba ta da kauri. A jikin ƙoƙo ba ya taɓa lafiyar fata, amma amon yakan yi rauni. Da kakin zuma ko salatif mai manne fuska biyu ake liƙa shi, yadda za a iya ɗagawa a canja wuri. Gam mai kamawa nan take ba ya fita sai da fata. A kuma ɗaure wayar a gora, don in wani ya taka ta, ɗaurin ya sha jan, faifan ya tsira. In kuka ya dame shi duk da haka, a cusa soso ko ƙyalle a ƙofar ƙoƙo, kamar yadda masu jita ke toshe tasu da murfin roba.

Akwai wani abu da ke sa mutane da yawa yanke wa fiyezo hukunci ba laifinsa ba. Wutar da yake fitarwa ba ta da ƙarfin jan kaya. Yana bukatar mashigar da turjiyarta ta kai om miliyan ɗaya ko fiye, alhali mashigar miksa ta yau da kullum ba ta wuce om dubu goma zuwa ashirin ba. Jona shi kai tsaye a nan kamar ɗaura wa ɗan maraƙi garmar shanu ne: zai motsa, amma huɗar ba za ta yi zurfi ba. Amo mai kauri ne ke fara zubewa, a bar makaɗi da wani siririn sauti mai ƙwanƙwasa. Ana gyara wannan da ƙaramin akwatin share fage mai batir ɗin bolt 9, wanda ake ratayawa a ƙugu, wayar da ke tsakaninsa da faifan kuma kada ta wuce mita biyu. Amfilifayar jita ma takan karɓe shi lafiya, don mashigarta a kan om miliyan ɗaya aka gina ta.

Inda hali ya yi, haɗa su biyun ya fi: fiyezo ya ba da ƙarfi, makirufo ya ba da daɗi, a buɗe kowanne gwargwadon hayaniyar wurin. In an haɗa aka ji sauti ya ƙara sirancewa, to girgizar ɗaya tana soke ta ɗaya, sai a danna maɓallin juya fuska in miksar tana da shi, ko a ɗan gusa makirufon. Bassekou Kouyaté na ƙasar Mali, mai kiɗan ngoni, wanda ɗan'uwan molo da garaya ne, ya nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. Ya sa wa ngoni maɗauki, ya rataya shi ya miƙe tsaye, har yana bi da sautinsa ta na'urorin taka-da-ƙafa na masu jitar lantarki, ƙungiyarsa Ngoni Ba kuma ta zagaya manyan dandamalin duniya tun fitowar faifansu na farko a 2007. Wannan zaɓi ne na mai son sabon sauti. Wanda ke neman gurmi ya fito kamar na marigayi Haruna Uji, makirufo ne zai fi kai shi kusa.

Lasifika ita ma tana da nata hukunci. Mai ƙahon nan da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci da kan motar talla an yi ta don magana ta kai nesa. Ba ta fitar da amo mai kauri, wanda ke girgiza ƙasa da sau 200 zuwa 300 a daƙiƙa, alhali tsirkiyar ƙasa ta jitar nailan sau 82 take girgiza a daƙiƙa. Kuntigi zai iya fita da mutuncinsa a ƙaho, garaya kuwa gindin muryarta zai tafi. Ta akwati ce ta dace da kiɗa, a ɗora ta a kan sanda ta wuce kan mutane, domin in tana ƙasa, sahun gaba ne za su sha ƙara, na baya su ji gunaguni. Lambobin wat da ake rubutawa a jikin kwali kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka kusan sau goma kunne zai ce ƙarfi ya ninka.

A kan miksa, muryar mawaƙi ce a sama, don waƙar Hausa magana ce, in kalma ta ɓace an yi asarar rabin wasa. Tsirkiya ta biyo baya, sannan 'yan amshi, mutum biyu ko uku a makirufo ɗaya. Kalangu da ƙwarya sau da yawa ba sa bukatar komai, sai ma a ɗan nisanta su daga makirufon gurmi. Jar fitilar da ke ƙyaftawa a miksa alama ce sauti ya fara fashewa, a rage daga maɓallin sama na wannan layi. Sai amsa-kuwwa, wadda masu hayar kayan sauti ke ƙauna fiye da kima. Kaɗan daga cikinta takan yi wa goge kyau, don amonsa dogo ne. Gurmi da garaya kuwa bugu ne a jere da sauri, in aka cika musu ita sai bugun baya ya hau na gaba, a rasa gane salon.

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyi ne gurnanin da ake ji a lasifika ko ba a kiɗa. Waya mai baki uku an yi ta don ta soke shi, tana iya tafiya mita da yawa lafiya. Mai baki ɗaya irin ta jita kuwa in ta wuce mita biyar ko shida takan fara kwaso shi, balle in ta kwanta jikin wayar wuta. Janareta a kai shi nesa, bayan katanga, a bar shi ya daidaita kafin a jona kaya. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, don bugun kunna sauran kaya kada ya fasa lasifika. In makirufo ya ɗan ja mutum a leɓe, a tsaya a duba wayar ƙasa, musamman da damina da ake tsayawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Akwatunan lasifika masu batir da ake caja da sola sun rage wannan wahala a ƙauyuka, ba gurnani ba hayaƙi, sai dai makirufonsu mara waya don magana aka tsara shi, wasu sukan datse amo da zarar ya fara laushi. Bulutut kuwa yana jinkirta sauti da kusan kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya rikita hannun makaɗi.

Yanayi yana canja abin kiɗa kansa. Da hunturu fata takan ɗaure, amo ya yi tsini, kakin da ke riƙe da faifai ya bushe ya saki. Da bazara kakin yakan narke. Da damina fata takan saki, amo ya dushe, har sai an shanya ta a rana ko an ɗan gasa ta, kuma kafin a kai ta kusa da wuta sai a cire faifan. Don haka daidaitawar da aka yi da la'asar ba lalle ta kai tsakar dare ba, in raɓa ta sauka sai an sake taɓawa. Soson da ake sa wa kan makirufo yana tare iska da ƙura, a riƙa wanke shi.

Kunne ma yana da iyaka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti goma sha biyar ne. Bakin babbar lasifika a wurin biki yakan kai haka, kuma nan ne yara suka fi son tsugunawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Saura ɗaukar kiɗa don ajiya. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, yawancin mutanen karkara ta rediyo da kaset suka san muryar manyan makaɗa, yau kuma wayar hannu ta karɓi aikin. Ɗora waya a gaban lasifika shi ne mafi munin ɗauka, don ƙaramin makirufonta yakan cika ya fashe. Gara a zauna da makaɗi a ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule, wanda ba ya mayar da sauti kamar na siminti da tayil. Tsohuwar dabarar ɗauka da makirufo ɗaya tana nan da amfaninta: tazara ita ce miksa. Mawaƙi da abin kiɗansa su zauna kamar kamu ɗaya daga wayar, 'yan amshi a bayansa, mai ƙwarya ko kalangu can nesa. A ɗora wayar a kan matashi, a rufe layinta don kada kira ya katse, a kashe fanka. A ɗauki minti ɗaya a saurara, a gyara zama, sannan a shiga waƙa. In za a tura wa wani ta WhatsApp, a tura ta a matsayin fayil, domin saƙon murya yana matse sauti ya zubar da ƙananan amon tsirkiya, asalin kuma a ajiye shi a katin waya da sunan makaɗi da garin da ranar da aka ɗauka.